Ranar da Na Nemo wa Baba Hasumiyarsa

Sau bakwai na je Guangzhou ban ga garin ba. Abin da na sani shi ne hanyar filin jirgi zuwa masauki, da hanyar masauki zuwa manyan shagunan tufafi na Guangyuan, inda nake saro kayan yara in kai shagona a Kano. Na san benen da ake samun rigunan sanyi masu kauri. Na san matar da za ta dube ni ido cikin ido ta ce "meyo", wato babu, alhali kayan suna bayan labule, so take in nuna zaƙuwa. Sinancina duka kalma huɗu ne: nihawo ta gaisuwa, shiye-shiye ta godiya, lawban da ake ce wa mai shago, sai meyo ɗin nan. Da su da kalkuleta nake cinikina, kuma ban taɓa dawowa gida hannu rabbana ba.

Akwai kalma ta biyar, amma ba a kasuwa na koye ta ba. A zauren gidanmu nake jin ta tun ina yarinya.

Mahaifina ladan ne. Ya yi kiran salla a masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni, har sai da gwiwa ta hana shi fita asuba, daga baya ido ma ya tafi. Sau ɗaya ya je aikin Hajji a rayuwarsa. A Madina, kwana uku a jere, wani dattijo ɗan ƙasar Sin mai siririn gemu yana zama kusa da shi tsakanin magariba da isha'i. Ba mai jin yaren wani, sai 'yan guntayen Larabci da nuni da hannu. Baba ya sa yatsu a kunne ya nuna masa cewa shi ladan ne, mutumin ya buga ƙirji ya nuna shi ma haka. Sai ya zana masa wata hasumiya a bayan takarda, da kogi a gefenta, da jirgin ruwa, da fitila a samanta. Ya nuna masa cewa ta tsufa ƙwarai, a garinsu Guangzhou take, kuma ya yi ta maimaita masa sunanta har ya riƙe. Takardar ta ɓata tun a hanyar dawowa. Sunan ne ya iso gida, Gwangta.

Amma Baba ba haka kawai yake faɗinsa ba. Sai ya ɗaga murya sama ya ja gaɓar farko, gwaaang, sannan ya sauke ta ƙasa can a kan ta. Mu yaran gida mun ɗauka halin ladanai ne, mutumin da ya saba jan murya ko sallama zai yi sai ya rera ta. In muna son dariya a tsakar gida sai wani ya kwaikwaye shi, mahaifiyarmu ta jefe mu da mafici.

Mutanen majalisarsa kuwa ba su taɓa yarda ba. Babban mai tsokanarsa taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, tsohon mai gyaran rediyo mai bakin tsiya. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai mutanen da ba su san komai ba sai ƙera tocila da kwanon sha, ina su ina hasumiya, wai wani ne kawai ya ga baƙauye a Madina ya yi masa zane ya rage dare. Da Baba yakan rama, ya ce mai gyaran rediyo ba ya yarda da abin da bai fito daga cikin akwati ba. Da na fara zuwa Sin ya yi murna fiye da ni. Duk dawowa ina kawo masa tsaraba, carbi ne, bargo ne, na'urar awon jini ce, ya shafa ya sa albarka, sannan ya ce, "Uwata, kin je?" Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ni kuma in ce, "Baba, wallahi ba a samu lokaci ba, sai wani zuwan." Na tambayi 'yan kasuwarmu sau ɗaya ko biyu, suka ce su masallacin da suke Juma'a kusa da tashar jirgin ƙasa suka sani, kuma babu irin wannan hasumiya a cikinsa. Daga nan na bar zancen a raina.

Ana gobe zan yi tafiya ta takwas na je yi masa sallama, na same su a ƙofar gida. Taubashin nan ya gan ni, ya ce, "Yawwa, ga shaida ta zo. Malam, 'yarka ta cikinka sau bakwai tana zuwa garin, ko ita ba ta ga hasumiyarka ba." Na jira Baba ya rama yadda ya saba. Bai rama ba. Ya murza carbi, ya ce, "To, wataƙila ni ne ban ji daidai ba. An daɗe." Kuma da zan tafi bai ce mini in je ba, addu'ar hanya kawai ya yi mini.

Wannan magana ta bi ni har cikin jirgi. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tashin unguwa guda da muryarsa, yau shi ke shakkar kunnensa, kuma ni na jawo masa. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya fi ta yawa.

Ranar Asabar da yamma na gama miƙa kayana ga masu kago, wato masu jigilar kaya, a Baiyun, jirginmu kuma sai Litinin. Lahadi ta zama tawa, abin da ban taɓa samu ba, domin kullum nakan cike ta da ƙarin sayayya. Hajiyar da muke ɗaki ɗaya ta ɗora ƙafa a kan matashi ta ce ko gobara aka yi sai dai a ɗauke ta da gadon. Na kira tafintarmu, wata yarinyar kirki 'yar Maraɗi da ke karatun likita a garin. Ta ce, "Tanti, ki yi haƙuri, jarrabawa gare ni jibi da safe, gobe ko ƙofa ba zan leƙa ba. Ina za ki?"

Na ce, "Wata hasumiya nake nema, Gwangta."

"Wace?"

"Gwangta. Doguwa ce, a bakin kogi take, da fitila a samanta."

"Ah, bon! Guangzhou Ta kike nufi, wato Hasumiyar Guangzhou, la tour! Kowa ya san ta, Tanti. Ga kogi a gabanta, in dare ya yi kuwa duk jikinta wuta ne."

Na ce mahaifina ya ce ana kiran salla a kai. Ta yi dariya ta ce ƙila tsohon ya haɗa labari biyu ne wuri ɗaya. Ta turo mini lambar layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da inda zan canja, ta ce in ƙirga tashoshi da yatsa kada in wuce.

Washegari na ci ado kamar mai zuwa suna, atamfa shuɗiya da mayafi, na sa takalmi maras tudu, na fita ni kaɗai. Ban taɓa shiga jirgin nan ba tare da wani ya riƙe mini hanya ba. Na ƙirga tashoshina, na canja inda aka ce, ban ɓata ba, har na fara jin kaina. Da na hauro matakala na fito sarari, sai na gan ta tsaye a gabana, kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da na riƙe baki. Ƙarfe ne aka saƙa aka murɗa, ƙugunta ya tsuke kamar na turmi, kanta ya shige cikin gajimare. Na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Na ce a raina, Baba, ashe abin naka ba ƙarami ba ne.

Murnar ba ta yi minti goma ba. Na zagaya gindinta ina neman wurin alwala, ban gani ba. Na nemi ƙofar da ake cire takalmi, babu. Abin da ke akwai layin masu sayen tikiti ne, da samari da 'yan mata riƙe da hannun juna, da yara suna lasar askirim. Sabuwa ce fil, ko tsufan shekaruna ba ta yi ba, balle a ce ita wani dattijo ya zana a Madina tun ina 'yar yarinya. Kuma wane ladan ne zai hau wannan abu ya yi kira a ji shi, sai dai tsuntsaye su amsa masa.

Na tari wani mai gadi na ce, "Gwangta?" Ya nuna mini ita da haɓa. Na tari wata mata mai tura jariri, ita ma ta nuna ta, tana kallona kamar wadda ta tsaya a bakin rijiya tana tambayar ruwa. Na kira tafinta, wayarta a kashe. Ana cikin haka wasu 'yan mata biyu suka matso suna nuna atamfata suna ɗaga waya, wai a yi hoto. Na balbale su da Hausa, na ce ni ba abin kallo ba ce, su je su ɗauki ƙarfensu. Suka tsaya suna murmushi don ba su ji ko ɗaya ba, har sai da ni na ji nauyi, na gyara mayafi na tsaya aka ɗauka.

Na gangara bakin kogi na zauna a kan wani benci, ƙarƙashin irin bishiyoyin nan nasu masu saiwa tana saukowa daga reshe. Zafin garin mai danshi ne, zufa ba ta bushewa. Nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai sauƙi. Ya ce ki koma ki ce kin gan ta, an rushe tsohuwar an gina sabuwa, wa zai ƙaryata ki, tsohon ma ba gani yake ba. Na juya maganar, kuma na kusa karɓa. Abin da ya hana ni shi ne na san Baba. Tambaya uku zai yi mini ya gane, kuma ba zai ce komai ba, albarka zai sa mini. Wannan albarkar ce ba zan iya ɗauka ba. Sai na fara tunanin ƙila mai gyaran rediyo ne ke da gaskiya tun farko, hawaye suka zo mini, na haushi ne ba na tausayi ba.

A gabana kaɗan akwai wani tsoho sanye da singileti, riƙe da wani dogon alƙalami mai kan soso, tsawonsa ya kai sandar makiyayi. Yana tsoma shi a bokitin ruwa yana rubutu a kan daɓen dutse. Kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya bushe, shi kuma ko a jikinsa, sai ya koma ya sake. Na ce bari in gwada na ƙarshe. Na ce, "Lawban, nihawo. Gwangta?" Ko ɗagowa bai yi sosai ba, ya nuna bayansa da alƙalamin, wajen ƙarfen nan. Na ce, "Meyo! Meyo!" da ƙarfi har wata tattabara ta tashi. Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da rubutunsa.

Na koma na zauna ina mita ni kaɗai, kamar yadda nake yi in lissafi ya ƙi. Na ce, "Kai ma Baba da naka. Ka sa ni yawo a garin mutane. Kullum gwaaang-ta, gwaaang-ta." Na kwaikwaye shi sak, irin yadda muke yi a tsakar gida, murya a sama a ja, sannan a sauke.

Alƙalamin tsohon ya tsaya. Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni, ya dubi mayafina, ya ce, "Gwaaang-ta?"

Muryar Baba ce ta fito daga bakin mutumin nan. Hawa ɗaya, sauka ɗaya. Na miƙe na ce, "Ita! Ita!" na manta ba ya jin Hausa. Ya tsoma alƙalami ya zana wani abu a ƙasa, dogo, sumul, mai ɗan ƙaramin kai a sama. Ya zagaya tafinsa a kan kansa ya nuna hula, ya haɗa hannu biyu ya nuna masu addu'a. Sannan ya yi mini karatu. Ya shimfiɗa hannunsa a sama daidai goshi ya ja shi a miƙe, ya ce gwaaang, ya nuna zanensa. Ya saukar da hannun ƙasa wajen ciki ya ce gwang da murya a ƙasa, ya nuna ƙarfen bayansa. Ya maimaita sau uku yana dariya, haƙoransa biyu na gaba babu.

Ai ba sai ya yi na huɗu ba. Ni Bahaushiya ce. Wuyan da ake sa wa sarƙa da wuyar da ake sha, a takarda abu ɗaya ne, a baki kuwa ko yaron goye ba ya haɗa su. Ɗaya daga sama take farawa ta sauko, ɗaya daga ƙasa ta hau. Baba yana faɗin kalmar nan irin wuyan sarƙa, ni kuma don in nuna na waye, ba na rera magana kamar tsofaffi, na mayar da ita irin wuyar sha. Da na fara da murya a ƙasa, abin da kunnensu ke ji shi ne farkon sunan garin, sai su ɗauka baƙuwa ce ta gutsure sunan hasumiyar da kowane baƙo ke nema. Shekara da shekaru muna yi wa mutumin nan dariya, ashe shi kaɗai ne a gidan yake faɗin abin daidai. Kunnen ladan ne ya ɗauko kalmar daga Madina da karinta, ya ajiye ta bai bari ta karkace ba.

Tsohon ya rubuta mini sunan da manyan haruffa biyu a kan dutse, na yi sauri na ɗauke su a waya kafin rana ta shanye. Ya bar bokitinsa a wurin, ya raka ni har wata 'yar tashar jirgin ruwa, ya yi magana da mai tsaron ƙofa, ya nuna mini da yatsu tasha ta nawa zan sauka. Na yi ta jera masa shiye-shiye har ta ƙare mini, na koma yi masa addu'a da Hausa. Ya ɗaga mini hannu ya juya abinsa.

A cikin jirgin ruwan nan na fara ganin Guangzhou. Na samu wuri a gefe inda iska ke bugowa, na saki mayafi ya sha iska. Gadoji suna wucewa ta saman kanmu ɗaya bayan ɗaya. Gine-ginen gilashi suka yi ta raguwa a baya, gajeru masu tsohon fenti suka fara fitowa, da shanya a tagogi, wandunan mutane da zannuwan gado suna kaɗawa a saman titi. A bakin ruwa na ga tsofaffin mata sun kai talatin suna rawa a jere da mafitai ja, babu biki babu suna, Lahadi ce kawai. Na ga wani ya rataye kejin tsuntsu a reshe ya zauna a ƙasa yana karanta jarida, wato ya fito da tsuntsunsa shan iska. Na yi dariya ni kaɗai. Sau bakwai ina zuwa, ina komawa in ce wa mutane 'yan Sin ba su san komai ba sai aiki.

Da na sauka na yanke shawara ba zan nuna hoton rubutun ba sai in ta ɓaci. So nake in ga iyakar kalmar Baba. Na tari wani mai sayar da rake da abarba, na gyara murya, na ɗaga ta sama, na ce, "Gwaaang-ta?" Ko ƙiftawa bai yi ba, ya nuna arewa da wuƙarsa. Na yi gaba. Titunan wajen ƙanana ne, benaye sun turo gaba sun yi wa masu tafiya rumfa, kana tafe a inuwa ko laima ba ka nema. Shagon busasshen kifi, shagon ganyayen magani, mai gyaran keke, mai yanka gasasshiyar agwagwa. Duk mararrabar da na isa sai in rera. Wata tsohuwa mai kwandon kayan miya ta nuna mini. Wani ɗan sanda ya nuna mini. Wata budurwa ta cire abin kunnenta ta saurara, ta maimaita, ta kama gefen hannuna ta tsallakar da ni titi. Tun ina faɗa da ɗar-ɗar har na koma faɗa da gadara, kamar unguwarmu nake tambaya. Ban ciro wayar nan ko sau ɗaya ba.

Yunwa ta tsayar da ni a wani ɗan shago mai koren allo da rubutun Larabci. Mai shagon, da farar hula a kansa, yana jan ƙullin fulawa da hannu yana ninkawa har ya zama taliya a gaban idona. Na yi masa sallama, ya amsa cikakkiya. Matarsa ta ga ina duba agogo ina waige-waige, ta gane, ta kai ni bayan shago ta ba ni ruwa da darduma na yi azahar tsakanin buhunan fulawa. Na fito na shanye romon nan tas, da yajinsa da komai. Da zan tafi na rera wa mijin kalmata. Ya yi dariya, ya fito har bakin ƙofa da garin fulawa a hannunsa, ya juya ni ta kafaɗar hanya, ya nuna sama.

Tana can ƙarshen titin, ta leƙo ta saman rufin gidaje. Toka-toka ce, sumul, babu ado ko ɗaya a jikinta, kamar an kafa kyandir. Ba ta kai ko gwiwar waccan ta ƙarfen ba, benayen da ke kewaye ma sun fi ta tsawo. Amma tun daga nesa na san ita ce, domin ta yi kama da abin da mutum zai zana a bayan takarda da layi huɗu.

Mai tsaron ƙofar masallacin dattijo ne. Na yi sallama, ya dubi shigata, ya matsa mini. Ciki shiru, da bishiyoyi da rufin tayal irin nasu mai lanƙwasa a gefe, ba za ka ce masallaci ba ne sai ka ga takalma a jere. Na tsaya a gaban hasumiyar. Gindinta ya nutse ƙasa da inda muke takawa, ƙasa ta taru a kewayenta saboda daɗewa. Abu ɗaya ya dame ni, babu kogi. Na yi tafiya mai nisa daga inda na sauka. Na koma wajen dattijon na haɗa ɗan Larabcin Islamiyya da ya rage mini, na ce, "Nahar?" ina kaɗa hannu kamar ruwa. Ya gane. Ya nuna dab da bangon, ya ce nahar, sannan ya tura hannuwansa biyu can nesa a hankali, ya nuna bayansa ta kan kafaɗa sau da yawa, wato tun zamanin kakannin kakanni. Kogin ne ya ja baya ya bar ta a tsakiyar gari.

Na duba agogo. La'asar ta kusa a nan, a Kano kuwa hantsi ne, daidai lokacin da ake shimfiɗa wa Baba tabarma a ƙofar gida abokansa su taru. Na kira 'yar ƙaramar wayarsa.

"Uwata? Lafiya? Ba sai gobe za ku taso ba?"

"Lafiya lau, Baba. Ina gindinta."

"Gindin me?"

Na ɗaga murya, na ja, na sauke, yadda yake yi.

Can na ji ya ce, ba da ni ba, "Kai, karɓi nan. Danna mini abin da ke sa kowa ya ji. Ai sana'arka ce." Na ji muryar mai gyaran rediyo yana gunaguni yana dannawa. Sannan Baba ya ce, "Uwata, sake faɗa. A hankali. Akwai masu nauyin kunne a nan."

Na sake faɗa. Na ba su labarinta tun daga ƙasa har sama, launinta, sumul ɗinta, 'yan ƙananan tagogin da ke jikinta, yadda gindinta ya nutse. Baba ya katse ni, ya ce, "A samanta akwai wata 'yar ƙarama, kamar an ɗora mata kai?" Na ɗaga ido na ce akwai. Ya ce, "Haka ya zana."

Taubashin bai saduda da wuri ba. Ya ce, "To fitilar fa? Kogin fa?" Na gaya masa gaskiya, na ce fitila babu yanzu, ba a hawa ma, kogi kuma ya ja baya tun tuni, mai tsaron ƙofa ya nuna mini inda yake a da. Ya ce, "Ka ji, ashe da saura." Wani a majalisar ya ce masa ya ji tsoron Allah ya yi shiru.

Ana haka wani mutum ya fito bakin ƙofar ɗakin salla, ya sa yatsu a kunne, ya fara kira da bakinsa, babu lasifika. Na ɗaga wayar sama na miƙa ta wajensa. Da na dawo da ita kunnena sai na ji Baba yana amsawa, jimla bayan jimla, muryarsa ƙasa-ƙasa tana ɗan karyewa, sauran tsofaffin kuma sun bi bayansa, har da mai bakin tsiyar. Na tsaya a tsakar masallacin mutane da ado na da jakata ina kuka ban damu da wanda ke kallo ba. Daɗi ne, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da na buɗe shagona.

Da aka idar Baba ya yi addu'ar bayan kiran salla har ƙarshe, ya yi gyaran murya. Muryar da ta fito bayan nan tsohuwar muryarsa ce, ta mai ramuwa.

"Uwata, Allah Ya yi miki albarka. Je ki yi salla kada jam'i ya wuce ki. Ni ina da magana da mutanen nan."